Kumfar Daro

Ranar wanki a Assakio, mu yara ne 'yan dako. A aza mana daro a ka, mu bi Iya zuwa rafi, ita kuma tana riƙe da dunƙulen sabulun salo a ganye. Da kanta take dafa abinta: ta tace tokar ɓawon ayaba, ta zuba man alayyadi, ta yi ta juyawa har ya kama jikinsa. Da shi ake wanka, da shi ake wanke zane.

Muna Jihar Filato a lokacin, don sai 1996 aka yanko Nasarawa. Garin wanki daga kasuwar Lafia yake zuwa, mai tebur ya auna da cokali ya ƙulla a leda. Ko wane iri ne, omo muke ce masa. Kumfarsa ce ta ruɗe mu. Ruwan rijiyarmu yana da ɗan zartsi, sabulu ya shiga sai ya tsinke ya bar dauɗa a bakin daro, shi kuwa garin ko a jikinsa.

Ran nan na faki ido na damtsi kaɗan na cuɗa kaina. Idona ya yi jawur, fatar kai ta kwana tana zafi.

“Kai ɗan nan, kan naka tsumma ne?” in ji Iya.

Sai da na girma na karanta jikin man goge baki, na ga sodiyam loril salfet. Na duba shamfu, ga shi nan ko ƙanensa. Ashe dangin sinadarin garin wanki ne. Aikinsu ɗaya: kowace ƙwaya kanta na son ruwa, wutsiyarta na son maiƙo, sai ta cafke dauɗa ruwa ya tafi da su. Jamusawa ne suka fara haɗa irinsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kitsen yin sabulu ya yi wuya. Na garin wanki galibi daga ɗanyen man fetur ake samo shi, a ƙara masa soda mai kaifi, abin da ya ci kaina ke nan. Na baki kuwa daga man kwakwa ake tace shi, ko alayyadi, man nan dai na tukunyar Iya.

Na taɓa kai mata man goge bakin tsaraba. Ta lasa, ta tofar, ta ce kumfa ta daro ce, ta ɗauko asuwakinta.