Orhus: Birnin Da Ya Tono Abin Da Ya Binne

Masu iya magana sun ce da ɗan gari kan ci gari. Duk baƙon da ya sauka a Orhus, birni na biyu mafi girma a ƙasar Danmak, wanda suke rubutawa Aarhus, wurare uku za a fara nuna masa: gidan zane-zane na ARoS mai bakan gizo a kan rufinsa, da Den Gamle By inda aka tattaro tsofaffin gidaje, da gidan tarihi na Moesgaard. Dukkansu sun cancanci ziyara. Sai dai a makonnin da na yi a jami'ar birnin, wani abokin aikina, haifaffen garin, ya ba ni shawarar da nake son miƙa wa mai karatu. Cewa ya yi in bar kallon sama, in dubi ƙarƙashin ƙafata.

Farkon abin da ya nuna mini shi ne kogin da ya ratsa tsakiyar birnin. Tsohon sunan garin, Aros, ma'anarsa bakin kogi. Duk da haka, a shekarun 1930 mahukunta suka rufe wannan kogi da kankare domin manyan motoci su sami hanyar zuwa tashar jiragen ruwa. Ƙarni guda na mutane suka tashi ba su taɓa ganin ruwan da garinsu ya samo suna daga gare shi ba. A shekarun 1990 aka soma yaye kankaren kashi-kashi, aka kammala a 2015. Yau baƙo na shan shayi a gaɓarsa, bai san cewa da titi ne ba.

Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce zuwa dandalin babbar majami'a. A ƙarƙashin ginin wani banki da ke wurin akwai ɗan ƙaramin gidan tarihin Baikin, wato mayaƙa da fataken teku na arewacin Turai. Lokacin da ake haƙa harsashin ginin a farkon shekarun 1960 aka ci karo da ragowar ganuwar ƙasa ta ƙarni na 10 da gurabun gidaje. Maimakon a kwashe a zubar, sai aka bar tarihin a mazauninsa. Mutum zai sauka matakala, ya tsaya daidai inda mutanen shekara dubu suka taka.

Haka labarin yake a majami'ar Vor Frue. A 1955, ana cikin gyara, ma'aikata suka gano wani ɗakin ibada na dutse a ƙarƙashin daɓe, wanda aka gina wajen shekarar 1060, aka cike shi da ɓaraguzai, aka manta da shi ƙarnoni. Yana cikin gine-ginen dutse mafiya tsufa a wannan yanki na duniya, amma sau da yawa mai ziyara zai tarar da shi babu kowa.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya yana bakin teku ne, a babban ɗakin karatu na Dokk1 da aka buɗe a 2015. An rataye wata ƙararrawar tagulla mai siffar bututu, tsawonta mita 7.5. Idan aka yi haihuwa a asibitin jami'a, iyaye na iya danna maɓalli daga can, sai ta kaɗa a nan. Ina zaune ta yi ƙara, na ga masu karatu sun ɗaga kai suna murmushi. Gari guda ya yi wa jaririn da bai sani ba barka da zuwa.

Mai son iska ya nufi kudu, dajin Marselisborg, inda bareyi ke kiwo a sake kuma shiga kyauta ce. Da rani ana kafa wata gadar katako mai siffar zobe a bakin tekun wurin, wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe. A kiyaye lokaci dai: a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, a Yuni kuwa har 10 na dare da sauran haske.

Shawara ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Abokina ya ce kada in bar garin ban je Gellerup ba, unguwar yamma da baƙi 'yan ƙaura suka fi yawa. A can kasuwar Bazar Vest take, wadda aka buɗe a 1996, inda Larabawa da Turkawa da Somaliyawa ke sayar da naman halal da dabino da kayan yaji. A 2018 gwamnatin Danmak ta kafa doka a kan irin waɗannan unguwanni, wadda ta sa yawan mazauna masu asali daga wajen ƙasashen Yamma cikin ma'auninta, ta kuma wajabta rage gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi. An rushe benaye a Gellerup, an tashi iyalan da suka shekara da shekaru a ciki. Hukuma na cewa gyara ne domin a cuɗanya jama'a. Mazauna da dama na ganin wariya ce.

Birnin da ya san darajar ganuwar shekara dubu, ga shi yana rusa gidajen rayayyu. Takardun jan hankalin masu yawon buɗe ido ba sa haɗa waɗannan fuskoki biyu a shafi guda. Ɗalibinmu ko malaminmu da Allah Ya kai shi can, ya ware yini ɗaya, ya nemi ɗan gari, ya ga duka biyun kafin ya yanke hukunci a kan Turai. Matambayi ba ya ɓata.