Ɗan riƙo daga Habasha: dashe sai da ƙasarsa

Ni mutumin ƙasar Maradi ne, Kirista. Na daɗe zaune a Amurka, can na yi aure. Zan ba ku labarin yaron da muka ɗauko daga wata ƙasa, da abin da riƙonsa ya koya mana.

A gida kun san tallafi. Mace ta ɗauki ɗiyar ƙanwarta ta riƙe, ta yi mata aure. Yarinya ta san uwarta, ta san ubanta, tana amsa sunansa. A Amurka ba haka ake yi ba. Alƙali ke yanke magana. Yaro ya ɗauki sunan sabon uba, ya ci gadonsa. A gaban doka, iyayen fari ba su da sauran iko a kansa.

A shekarar 2004, Amurkawa sun ɗauko yara kusan dubu 23 daga ƙasashen waje. A 2010, fiye da 2,500 sun fito daga Habasha kaɗai. Da yawa cikin masu ɗaukowa ƴan majami'a ne. Fastoci suna wa'azi cewa kula da maraya ibada ce.

Ni da maiɗakina Allah bai ba mu haihuwa ba. A 2011 muka je Adis Ababa, muka tsaya gaban alƙali, aka ba mu yaro mai shekara 4. Ubansa ya rasu. Uwarsa tana da rai, talauci ne ya raba su.

Watannin farko sun yi wuya. Yana ɓoye burodi ƙarƙashin matashi, don ya san yunwa. Yana farkawa cikin dare da kuka, yana kiran uwarsa da Amharanci, mu kuwa ba mu ji. In na ɗauke shi sai ya sandare. Makiyayi ya san wannan. In saniya ta mutu aka kai maraƙinta ga wata, ba rana ɗaya suke sabawa ba. Maiɗakina ta yi wata 6 tana kwana a ƙasa kusa da gadonsa. Addu'armu a lokacin gajeruwa ce: Allah ya ba shi barci, mu kuma ya ba mu haƙuri.

Mutane sun yi magana iri biyu. Wani dattijo daga gida ya ce mini tsintacciyar mage ba ta mage. A majami'a kuma ana cewa da yaron: «Ka yi sa'a, ka gode musu, sun cece ka.» Duka biyun ban yarda da su ba. Ɗana ne, ba tsintuwa ba ne. Kuma ba ya bisa bashin kowa. Yaron da ya rasa uba, ya rabu da uwa, ya bar harshensa da garinsu, ba a tilasta masa godiya. Mai ceto Allah ne. Mu amana aka ba mu.

Wasu sun ce mun kawo shi ga addini. Na gaya musu Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, fiye da shekara dubu kafin a gina majami'a ta farko a Amurka. A can ana yi wa ɗa namiji baftisma yana da kwana 40. Yaronmu ya zo da baftismarsa, da zarenta a wuya. Ba mu sake ta ba.

Labarin Musa ne ya riƙe ni. An tsamo shi daga ruwa, ya girma a gidan Fir'auna. Amma Allah ya shirya uwarsa ta shayar da shi, ya tashi ya san danginsa. In Allah bai shafe asalin Musa ba, ni wane ne da zan shafe na wannan yaro?

Saboda haka muka bar masa sunansa na yanka, muka haɗa da sunan ubansa cikin takarda. Hoton uwarsa yana rataye a ɗakinsa. Kowane dare muna ambatonta cikin addu'a. Maiɗakina ta koyi yin injera, wata faffaɗar waina mai tsami da ake yi da garin hatsin da suke kira tef. Kirsimati biyu muke yi: ta 25 ga Disamba, da ta Habashawa ta 7 ga Janairu. Da ya kai shekara 12 muka kai shi ya ga uwarsa, don zumunta a ƙafa take. Amharancinsa ya riga ya tafi, sai da tafinta suka gaisa. Wannan rashi ne da ƙaunarmu ba ta iya biya ba.

Ba kowane yaro ya faɗa hannu nagari ba. An samu dillalai masu yi wa iyaye ƙarya don kuɗi. A 2011 wata yarinya ƴar Habasha ta mutu saboda azabar masu riƙonta a Amurka, kotu ta ɗaure su a 2013. A watan Janairu na 2018 majalisar Habasha ta hana baƙi fitar da yara.

Ƴan uwa, in baƙo ya zo da takarda yana cewa zai kai ɗanku lakwal a ƙasar waje, kada ku dangwala yatsa sai an karanta muku ita da Hausa a gaban shaidu. Ku tambaya: sunan wa zai amsa? Zai dawo? In kuwa ku ne ke riƙe da maraya, ku tuna yadda ake dashen mangwaro. Ana ɗauko shi da ƙasar da ke jikin saiwarsa. Wanda ya kakkaɓe ta, ya kashe dashe. Allah ya raya mana zuriya.