Kowace ƙwarya da abokiyar burminta: harsashin dalma da tsofaffin bindigogi



Bindigar da yawancinmu muka taso muka sani ita ce ta mafarauta, wadda ake ɗurawa ta baki. Cikin bututunta sumul yake, shi ya sa ba ta da zaɓe: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a bi da 'yan dunƙulen dalma. Daga nan muka ɗauko tunanin cewa harsashi harsashi ne, in dai ya shiga zai fita. Wannan tunani ba ya aiki a kan tsofaffin bindigogin soja, kuma mu mazauna kudu muna da dalilin sanin haka. Tun 1863 John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, kuma kakannin wasunmu sun yi soja a zamanin da Ingila ke amfani da Snider, da Martini-Henry, da mai lamba .303.

Bambancin yana cikin bututu. An yi masa tsagogi a murɗe tun daga gindi har baki, domin harsashi ya fita yana juyawa. Duk wanda ya taɓa kallon mai kaɗi ya ga sirrin: mazari yana tsaye ƙyam muddin yana juyawa, da juyin ya yi rauni sai ya fara tangaɗi. Haka harsashi yake. Dogo yana buƙatar juyi mai sauri, gajere kuwa kaɗan ya ishe shi.

Ana auna murɗin da inci nawa harsashi zai tafi kafin ya yi zagaye ɗaya, wato ƙaramar lamba ita ce murɗi mai tsanani. Enfield ta 1853 zagaye ɗaya take yi a inci 78, don harsashinta gajere ne mai kauri, mai rami a gindi. Martini-Henry ta 1871 tana yin zagaye ɗaya a inci 22, saboda nata dogo ne, nauyinsa kamar giram 31, an naɗe shi da takarda. Lee-Metford ta 1888 da Lee-Enfield ta 1895 kuwa inci 10 ne kacal, murɗin hagu, don siririn harsashi mai rigar ƙarfe.

A 1879 wani malamin lissafi na sojan Ingila, Alfred Greenhill, ya fito da ƙa'ida mai sauƙi. A ninka kaurin harsashi da kansa, a ninka da 150, a raba da tsawonsa, duk da inci. Harsashin Martini kaurinsa kusan 0.45 ne, tsawonsa kamar inci ɗaya da kwata. Amsa ta kama wajen 24, bindigar kuma tana da 22. Kun ga ba da ka aka ƙera ta ba.

A Ingila da Amurka akwai masu lasisi da ke adana irin waɗannan bindigogi suna harbin allo da su. Da yake an daɗe da daina yi wa wasunsu harsashi a masana'anta, su suke zuba nasu na dalma. Abin da ya burge mu shi ne, ba sa farawa da tambayar wane harsashi ya fi kyau. Bindigar suke fara tambaya: su auna murɗinta, su auna faɗin cikinta, don bindigogi biyu masu lamba ɗaya kan bambanta, balle waɗanda suka shekara ɗari suna cin wuta.

Idan harsashi ya yi wa murɗin tsawo, ba zai tsaya daidai ba. Zai riƙa wuntsilawa a iska, ya je ya bugi allo a kaikaice, ya bar rami mai kama da kafar makulli. Idan kuma aka kori dalma mai taushi da ƙarfi cikin murɗi mai tsanani irin na .303, tsagogin za su kankare ta maimakon su juya ta, ta manne a bututu, saiti ya lalace. Don haka suke taurara dalmar da kuza, su rage gudu.

Abin da ya fi damunmu shi ne albarushi. Snider da Martini-Henry an yi su ne don baƙin albarushi mai hayaƙi. Na zamani ƙarfinsa ya wuce nan nesa, kuma in tsohon ƙarfe ya gaza, fuskar mai harbi da hannunsa ne a kusa.

Ga kuma doka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar soja mai lamba .303 cikin haramtattu, ko ta mafarauta ma sai da izinin 'yan sanda. Tsufan bindiga ba ya wanke mai ita.

Saboda haka roƙonmu ga 'yan uwa, musamman matasa: wanda ya gaji irin wannan a ɗakin kaka, kada ya nemo mata harsashi don ya ji ko tana tashi. Ya sanar da dattawa, a tuntuɓi hukuma. Mai son ganin tsofaffin makamai ya ziyarci gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahiya.

Allah ya kiyaye mu baki ɗaya.