Minti Biyar a Gaban Mutanen Legas

Ashe dariya ma zama ake a rubuta ta! Ashe akwai mai ɗaukar biro ya auna inda zai yi shiru, da inda zai ja numfashi, da inda ɗaki guda zai kece a tare! Wani ƙanen abokina, haifaffen Agege, shi ya buɗe min ido. Mai gyaran waya na san shi a Ikeja, sai ga shi yana cewa, "Yaya, ranar Alhamis ka zo ka ga inda nake koyon ɗayar sana'ar."

Wani ɗan gidan abinci ne a Yaba. Kujerun roba, lasifika biyu, makirufo ɗaya. Ba makaɗi, ba shigar ban dariya, ba abokin wasa. Sunaye na jere a takarda, kowa minti biyar, wani kuma na zaune can baya da waya a hannu, in saura minti guda ya haska maka tocila. Na farko ya hau ya yi ta zuba, ba wanda ya ko murmusa, har ana jin ƙarar fankar sama. Wallahi gumin da ya tsattsafo masa ni ma na ji shi a bayana. Ya sauko, 'yan uwansa suka dafa masa kafaɗa, ya koma ya rubuta sunansa na mako mai zuwa.

Sai namu ya hau. Da Turancin buroka ya soma labarin kwandastan motar danfo, irin wanda in canji ya gagara sai ya damƙa wa fasinjoji biyu takardar kuɗi guda, ku je can ku raba. Ya kwaikwayi yadda aka haɗa shi da wata baiwar Allah a Oshodi, suna tafe kowa riƙe da gefen ɗari biyar, ba mai yarda ya saki. Ya tsaya. Ya kalle mu. Sannan ya ce a duk Legas ba auren da ya kai wannan araha, ba sadaki, ba surukai. Ɗakin ya tashi! Wata mata har tana bubbuga tebur.

Abin da ya fi girgiza ni sai bayan an watse. Ya zaro ɗan littafi duk ya yamutse, labarin nan guda an rubuta an soke, an sake rubutawa, shafi bayan shafi. Duk hawan da ya yi yana ɗaukar muryarsa a waya, ya saurara a motar komawa gida. Da, maganar auren a tsakiya take, ba ta tashin kowa. Da ya mayar da ita ƙarshe ya sa mata shiru a gaba, sai ta fashe. Shirun nan da na ɗauka Allah ne ya kawo, watanni ya yi yana gwada tsawonsa.

Kuma sana'ar da sauran ƙuruciyarta a ƙasar nan. Duk wanda ka tambaya a cikin masu yin ta sunan Ali Baba zai fara kira, mutumin da aka haifa a Warri a 1965, wanda ya fitar da ɗan barkwanci daga matsayin mai cike gurbi a wajen biki, ya sa masa kwat, ya sa masa farashi, har ya riƙa tsokanar Obasanjo a gaban idonsa yana shugaban ƙasa. A 1995 Opa Williams ya kafa wasan barkwanci na Nite of a Thousand Laughs, faifan wasan kuma ya bi ta hannun 'yan kasuwar Alaba ya game ƙasa. Ta wannan ƙofa mutane da dama suka san Basketmouth, ɗan Ajegunle, da I Go Dye, wani ɗan Warri. Yau AY na cika babban zauren Eko Hotel da wasansa na ranar Ista, ana sayar da tebur guda a kan miliyoyin naira.

To amma kafin wani ya riƙe makirufo, wani ya riga ya jefa dukiyarsa a ruwa. Yaron nan ya shigar da ni bayan dandamali a wani matsakaicin wasa, na ga mai shirya taron, wata mata da waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a hannu. Ta biya kuɗin zaure tun kafin ta sayar da tikiti ko ɗaya. Ta biya masu sauti, masu fitila, masu tsaron ƙofa, ta sayi dizal, don ba mai dogara da wutar gari a daren da ya tara jama'a. Kujerun baya ba sa mayar da uwar kuɗi, in ji ta, teburan gaba da tallan kamfani su ne ke riƙe da wasa. Jerin masu hawa ma lissafi ne: sababbi su fara tun rabin kujeru na fanko, domin cunkoson gadar Third Mainland ya riƙe sauran, mawaƙi ya shigo tsakiya a huta, babban kuwa sai dare ya raba. Wani ya zarce lokacinsa, na ga ta tsaya a gefen labule tana nuna masa agogo, idonta jawur.

A daren nan wani ya kawo labarin "aboki" mai gadi, wanda bai jin Turanci, kullum da rediyo a kunne. An yi dariya, ni raina ya sosu. Mu da muke da 'yan kama, masu tsayawa tsakiyar fili su juya waƙar kowa ta koma ta tuwo da miya! Mu da muke da 'yan gambara da wawan sarki, muka kuma yi Rabilu Musa Ibro! Bai kamata a ce a dandamalin Legas labarinmu kawai ake bayarwa ba.

Yaron ya riga ni tunanin. Yana da littafi na biyu, shi da Hausa zalla: surukar da ta zo daga Kano ta ga kuɗin hayar ɗaki guda, ɗan acaɓan da ke cinikin hanya da yare uku. Yana neman zaure a Agege na kwana biyu bayan Sallah, a fara bayan Isha'i, a ware wa mata kujerunsu, kuma tuni mutum shida sun ba shi suna. Ni aka ɗora wa tambayo kuɗin hayar janareta.