Sabon Birni da Isa: Da Me Ake Girki a Ƙasar Gobir?

Idan kin taɓa bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Achida da Goronyo ta nufi Sabon Birni, kin san abin da ke tarbar matafiyi a bakin kusan kowane gari: ɗaurin itace a jere, da jakuna ɗauke da karan dawa. Daga Sabon Birni hanya ta yi kudu zuwa Isa, ta zarce Shinkafi a Zamfara. Ƙasar Gobir ke nan. Kufan Alkalawa, birnin da ya faɗi a 1808, yana wannan yanki, kuma Maraɗi ta fi Sakkwato kusa da Sabon Birni.

Itacen nan nake so mu duba tare, 'yar'uwa, domin wani labari na Amurka. A 2022 sun yi dokar da ta ware tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi: wanda ya sayi murhun lantarki, gwamnati za ta iya mayar masa da har dala 840, kuma gida ɗaya zai iya samun har dala 14,000 idan aka haɗa da gyaran wayoyi da na'urar ɗumama ɗaki. Dabarar tana da kyau, a taimaki mutum ranar saye, shi kuma ya ci gajiyar sauƙin shekara da shekaru.

To amma uwar gida a ƙauyukan Isa, ina za ta jona murhun? Akwai garuruwan da turakun wuta ke tsaye babu wutar, akwai waɗanda turakun ma ba su isa ba. Mu ma gwamnatinmu tana biyan tallafin lantarki, sai dai yana bin waya ne. Wadda ba ta da waya a gidanta, ko kwabo ba ta gani.

A da, itace wahala ce kawai. Yara su fita da hantsi su dawo da azahar. Tun da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan yankin, uwa ba ta aiken 'yarta bayan gari da kwanciyar hankali. Ga wata asara da ba a cika lissafa ta ba: gonar da ba a noma ba, ba hatsi kaɗai ta hana ba, har da karan da ake girki da shi duk rani. Shanun da aka kore sun tafi da kashinsu, wanda shi ma makamashi ne. Mutanen ƙauye sun taru a cikin gari, tukwane sun ƙaru, itace ya zama na saye. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar da ke kawo shi ma ya hau kan ɗaurin.

Ba wai gwamnati ba ta taɓa tunawa da murhu ba. A ƙarshen 2014 ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen ingantattun murahu 750,000 da jakunkuna 18,000 masu riƙe zafin tukunya, a raba wa matan karkara. Maganar ta ƙare a rigimar kwangila. A 2024 kuma aka amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta. A ganina kuskuren yana wajen rabon kyauta daga Abuja, don kaya sukan maƙale a hanya. Gara a rage kuɗin murhun a hannun maƙerin gari, mace ta je kasuwa ta zaɓa da kanta. A tsallaken iyaka, a Nijar, an daɗe da sanin murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, aikin maƙeran gida. Sirrinsa bai wuce bango da ke kewaye tukunya ya hana iska kwashe zafin ba.

Wannan kuwa ba sai kin jira kowa ba. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska. Ki kewaye shi da laka, ki bar ƙofa ɗaya ta itace. Ki jiƙa wake tun dare. Jakar nan mai riƙe zafi ma ana yin ta a gida: idan shinkafa ko wake ya tafasa sosai, a sauke da murfinsa, a nannaɗe da tsohon bargo cikin kwando, zai ƙarasa nuna da kansa. Hayaƙin da ya ragu kuma, ƙirjin goyon da ke bayanki ne ya huta.

Sola kam ta shigo yankin da ƙafarta. Za ki ga ƙaramin faranti jingine a kan rufin shago ana cajin waya, da fitila a ɗakin mai jego. Mutane sun saya da kuɗinsu don sun ga ya fi sayen batir kullum. Sai dai farantin da ke cajin waya ba ya tafasa ruwan tuwo, shi ya sa da la'asar hayaƙi ke tashi daga gidajen Sabon Birni, har gidajen da ke da sola a rufi.