Cizon kare ba abin reni ba ne

Ni malamin yaƙi da jahilci ne cikin wani ƙauye kusa ga Dogarawa, ƙasar Malbaza. Ga abin da ya same mu, na rubuto shi don kada shi samu wani.

Da rani, wani baƙon kare ya shigo garinmu, miyau na zuba. Ya ciji ɗan ƙanena ga ƙauri. Yaron shekara 8 gare shi. Raunin ƙarami ne. Anka kashe karen, anka ƙone gashinai anka shafa ma wurin. Uwar yaron ta ce mini: "Malam, ko a kai shi likita?" Na tuna da kuɗin mota, na ce: "A bari mu gani."

Rauni ya warke, munka manta. Bayan kamar kwana 40, zazzaɓi ya kama shi. In an miƙa mai ruwa sai shi firgita, maƙoshi shi shaƙe. Munka kai shi asibiti. Likita ya ce lokaci ya wuce. Kwana 4 yaron ya rasu. Har yau maganar da na yi tana damu na.

Daga baya na nemi sani. Haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin miyau, tana bin jijiya har ƙwaƙwalwa. In alamunta sun fito, ba ta da magani. Amma kafin su fito, allura na tare ta. Wani masani na Faransa, Louis Pasteur, ya fara yi ma yaro wagga allura cikin 1885, kuma yaron ya tsira. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce cutar na kashe mutum kamar 59.000 kowace shekara, galibi Afirka da Asiya. Huɗu cikin goma yara ne.

Akwai masu taimako. Wata ƙungiyar agaji, GARC, ta kafa ranar yaƙi da haukan kare cikin 2007, kowane 28 ga Satumba. Ita da OMS da FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa niyyar hana mutuwar mutane ta cizon kare kafin 2030. Dabarar ita ce allurar karnuka: in anka yi ma 7 cikin 10, cutar ba ta samun hanya. An gwada haka Njamena, ƙasar Cadi, cikin 2012 da 2013, kuma cutar ta ja baya ƙwarai.

Amma baƙo ba shi kama mana karnukanmu. Na kai nawa wurin likitan dabbobi. Wasu sun yi dariya, sunka ce malam na ɓanna kuɗi ga kare. Na ce musu karen nan shi ka tsaron awakinmu, shi ka wasa da ɗiyanmu. Makiyaya, ku sani cutar na kama shanu ma.

Mutanen Ƙwanni, Malbaza da Illela, in kare ya ciji wani, ku wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ku tafi likita ranar nan. Ku yi ma karnuka allura. Wanda ya iya karatu shi karanta ma maƙwabcinai wagga takarda.

Allah shi kiyaye mu, amin.