Kowane Ƙarfe da Halinsa

Maƙerin da ya san sana'arsa ba ya sayen ƙarfe sai ya san abin da zai ƙera da shi. In gatari ko wuƙa ake so, sifirin tsohuwar mota yake nema, domin in an gasa shi aka tsoma a ruwa ko mai yakan yi tauri, kaifinsa kuma ya daɗe. Rodin gini kuwa sai ya bar wa mai yin taga, don ba ya riƙe kaifi. Haka magini yake zaɓen azarar giginya, saboda gara ba ta cinta da wuri.

Wannan sani shi ne injiniyoyi suke koyo a jami'a, saɓa masa kuwa asara ce babba. Tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta ƙera jiragen ruwan dakon kaya 2,710, waɗanda ake kira Liberty. Da yawansu suka tsattsage a cikin teku mai sanyi, wasu ma suka rabu biyu. Da fari aka ɗora laifin a kan walda. Sai Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa ƙarfen ne: yana da ƙwari a ɗumi, amma in sanyi ya tsananta sai ya yi gautsi kamar tangaran.

Saboda haka tilas mai zaɓe ya duba nauyin da abin zai ɗauka, da zafi ko sanyin wurin, da tsatsa, sa'an nan kuɗi. Wanda ya fara da kuɗi ya tuna araha ba ta ado, a jirgi kuwa da rayuka ake biyanta.